Tagar Bangon Gabas

Tagogi ne abin da idona ya fara sauka a kai ranar da Baba ya kai ni makaranta a Kankia. Ban kula da yaran da suka tsaya suna kallona ba, ban kula da ƙarfen da aka rataye a jikin bishiyar bedi ana bugawa ba. Ajin yana da tagogi uku a kowane gefe, kowacce ta isa ɗan maraƙi ya wuce ta ciki. Na tsaya riƙe da ƙullin kayana ina mamakin wanda ya gina ɗaki ya bar shi da ramuka haka, har mai wucewa yana hango na ciki. A raina na ce wataƙila ba a gama ginin ba.

Ni 'yar Kusada ce. Ina cikin 'yan matan da dagaci ya tsinto aka sa a boko zamanin Turawa, aka ajiye ni wurin goggona a Kankia, sai hutu nake komawa gida. Ba ni da surutu. Amma in aka ba ni takarda da fensir ba abin da ke wuce ni. Na san inda fenti ya ɓare a jikin allo, na san wace yarinya ce ke ɓoye gyaɗa a bakin zane. Wannan halin nawa na lura da ƙananan abubuwa shi ya jawo abin da zan ba ka labari.

Kafin makaranta, a ɗakin Kaka na tashi, mahaifiyar Baba. Soro ne na ƙasa mai rufin azara, shi kaɗai ne irinsa a gidanmu, sauran duk na ciyawa ne. Kakana ne ya gina shi da hannunsa. Magini ne, har Kafin Soli da Sukuntuni ake kiransa aiki, amma ban riske shi ba. Kaurin bangon ya kai tsawon hannun babba tun daga gwiwa har yatsa. Ƙofar tana kallon yamma, kuma ban da ita ba wata kafa sai 'yar huda can sama kusa da rufi, wadda hayaƙi ke bi. Bangon gabas kuwa a toshe yake tun daga ƙasa har sama, an shafe bayansa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake cuɗawa da ƙasa, har ya yi duhu yana sheƙi kamar bayan tsohuwar tukunya. Duk shekara kafin ruwa ya sauka Kaka takan jiƙa ɓawon ɗorawa da kanta, ta tsaya a kan Baba har sai ya sabunta shafen. Warin nan mai ɗaci-ɗaci, in na ji shi yau ma sai in ga kamar ina tsaye a bayan ɗakin.

Daga ciki, a tsakiyar bangon gabas ɗin, akwai shaidar hannu. Yatsu biyar da tafi, sun nutse a cikin yaɓe. Ranar da kakana ya gama ɗakin ya dafa wurin tun ƙasar tana ɗanya, ya bar shi haka. Gadon Kaka yana ƙarƙashinsa. Ba ta taɓa yi mini maganar hannun ba, amma na lura in tana shara da tsintsiyar laushi tana kakkaɓe bango, wurin kaɗai take sa bakin zanenta ta goge.

Kaka tana da yadda take gane ɗaki. In aka yi sabon gini a unguwa, mata kan zo su tafi da ita ta duba kafin a shiga. Ba ta zuwa sai rana ta take. Za ta shiga ta tsaya shiru, ta ɗora tafin hannu a bango ta jira. In bangon ya ba ta sanyi, ta gyaɗa kai. Sannan ta ƙwanƙwasa azara da sandarta ta saurara, don azarar da gara ta ci daban take amsawa. Ta zuba ruwa kaɗan a daɓe ta ga ko zai tsaya ko ƙasa za ta shanye. Ta sunkuya ta shinshina gindin bango. A ƙarshe ta fita ta zagaya ta dubi bakin indararo, ta ga inda ruwan rufi zai zuba. In ta gama sai ta ce, "Wanga ɗaki ya yi," ko kuma ta ce, "A kira magini shi dawo." Ba a yi mata gardama.

A shekarata ta uku a makaranta aka fara koya mana tsabta da kiwon lafiya. Malamarmu 'yar birnin Katsina ce, mai kirki, ba ta duka. Wata rana ta shigo da wani mutum mai gajeren wandon kaki da doguwar safa, ta ce duba-gari ne, zai gaya mana yadda gida mai kyau yake. Ya rubuta a allo cewa gidaje kashi uku ne. Lamba ɗaya, gida mai kyau. Lamba biyu, mai dama-dama. Lamba uku, wanda bai kamata ɗan Adam ya kwana a ciki ba. Ya jera abubuwan da ake dubawa: ko ɗaki yana da taga, ko tagar tana kallon ƙofa yadda iska za ta ratsa, ko haske na shiga, ko dabba na kwana tare da mutane, ko randa na da murfi, taku nawa ne daga rijiya zuwa masai. Ya ce haka likitan Turawa ya tsara, kuma duhu da rashin iska su ke kawo tari da sanƙarau.

Da ya tafi, Malama ta ce kowa ta rubuta yadda ɗakin da take kwana a gida yake, ta bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, kada ta ɓoye komai. Sauran yara suka rubuta layi biyu-uku, wasu ma suka ƙirƙiro tagogin da ba su da su. Ni kuwa na zauna na cika shafi biyu. Na rubuta cewa ɗakin kakata a Kusada ba shi da taga. Na ce ko da rana in allura ta faɗi sai an ɗage asabari. Na ce da damina akuyarta da 'ya'yanta biyu sukan kwana daga bakin ƙofa ta ciki. Har baƙin hayaƙin da ke jikin azara na rubuta. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Malama ta karanta a gaban aji, ta ce a tafa mini. Ranar na koma gidan goggo ina jin kamar ba a ƙasa nake tafiya ba. Ban tambayi inda takardar ta tafi ba.

Da hutun bazara ina Kusada. Zafi ya kai inda kaji ke buɗe baki a gindin rumbu. Ina kwance a kan daɓen ɗakin Kaka, na manna kumatuna a ƙasa don sanyi, sai muka ji sallama a zaure. Mai unguwa ne da duba-garin nan, da jakar takardu a hammata da ludayi mai dogon hannu. Aka ce mata su gyara lulluɓi. Ya shigo ya sa ludayin a randunanmu yana neman tsutsar sauro, bai sami komai ba. Ya auna daga rijiya zuwa masai da takunsa. Bai ko dubi ɗakunan ciyawa ba, ya nufi soron Kaka kamar wanda aka yi wa kwatance.

Ya sunkuya ya shiga. Na ga lokacin da sanyin ɗakin ya dake shi, don ya cire hularsa ya sauke numfashi, gumin goshinsa ya fara bushewa. Ya ɗan jima a tsaye. Sannan ya fito da igiyar awo.

"Iya, ina tagar ɗakin nan?"

"Tagar mi?" in ji Kaka. "Ga ƙofa nan ka shigo ta ciki."

"Ƙofa daban, taga daban. Iska ba ta shiga nan."

"To kai da ka shigo, mi kake shaƙa?"

Mai unguwa ya juya kai yana danne dariya. Duba-gari bai yi dariya ba. Ya buɗe jaka ya zaro takarda. Tun daga inda nake tsaye a bayan Kaka na gane ta, saboda akwai inda fensirina ya karye a layi na huɗu ya bar ɗigo. Ya karanta da ƙarfi, da irin muryar da ake karanta sanarwa. Ba taga. Sai an ɗage asabari. Akuya da 'ya'yanta biyu.

"Ba ni na faɗa ba, Iya," ya ce. "Jikarki ce ta rubuta, da hannunta. Yarinya mai basira. Har Bature ya gani."

Ba wanda ya dube ni. Da Baba ya juyo ya zage ni, ko Inna, mahaifiyata, ta kai mini rankwashi, da na fi samun sauƙi. Kaka ta ci gaba da kallon bakin ƙofa. Duba-gari ya ɗauki farar ƙasa ya rubuta lamba uku a jikin bango daga waje, babba, yadda duk mai shigowa zai gani. Ya ce ko a huda taga kafin ruwa ya sauka, ko a rushe ɗakin. Ya auna faɗi da tsawo, ya zana a bangon da ke kallon ƙofa.

Baba mutum ne mai sanyi, amma ranar ya yi magana. "Ranka shi daɗe, wanga bangon gabas ne. Ta nan hadari ke tasowa. A bar mu mu huda ta kudu."

"Takarda cewa ta yi taga ta kalli ƙofa."

"Wanda ya rubuta takardar ya taɓa ganin ruwan gabas a ƙasar nan?"

"Ni ma ɗan ƙasar nan ne, na sani," in ji duba-gari, ya rage murya. "Amma Bature zai zo rangadi da damina, da takardar a hannunsa. In ya shigo ya ga ba yadda aka ce ba, ni da kai da mai unguwa duk sai mun yi bayani. Kuma kada a toshe ta bayan na tafi. Mai unguwa, a wuyanka."

Zanen da ya yi daga ciki ya bi ta kan hannun kakana. Babban yatsa kaɗai ya rage a waje da layin.

An nemi magini a garin, biyu suka ƙi. Ɗaya ya ce shi yaron kakana ne a sana'a, ba zai sa ƙarfe a bangon maigidansa ba. A ƙarshe Baba ne ya yi da kansa, da sangwamin haƙa rami da guntun gatari. Kwana biyu yana fama, don ƙasar ta zama kamar dutse. Kaka ta ɗauki tabarma ta koma gindin tsamiyar bayan gida, ta zauna tana kaɗi, ba ta shigo ba sai da aka gama. Ni na kwashe ƙasar da aka fasa, a ƙwarya. Na duba cikin gutsattsarin ko zan sami yatsa ɗaya da bai farfashe ba. Ban samu ba.

Da yammar ranar ta kira ni. Haske ya shigo ta sabuwar tagar ya faɗa kan gadonta, iskar bazara mai zafi na biye da shi. Ɗakin ya zama wani ɗaki daban, duk abin da ke ciki ya yi kamar ya tsufa a yini ɗaya.

"'Yar boko," ta ce, don haka take tsokanata, "zo ki gaya mini. Cikin takardar taki, kin rubuta masu cewa in bazara ta yi, nan matan unguwa ke kawo jarirai su yi barci?"

"A'a, Kaka."

"Kin rubuta cewa tun da aka gina shi bai taɓa yoyo ba?"

"A'a."

"Don mi?"

"Ba a tambaya ba."

Ta murza zare a cinya. Can ta ce, "To. Ba a tambaya ba." Har ta bar duniya ba ta sake tayar da maganar ba. Ta ci gaba da ajiye mini ƙanzo da ɗanwake in na zo hutu. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ruwa ya sauka. Wanda ya zauna a ƙasarmu ya san yadda hadarin gabas yake: iska ta fara zuwa, ruwan ya biyo ta a karkace, yana dukan bango kamar ana watsa tsakuwa. Shekara da shekaru makuba na karɓar wannan dukan tana zubar da shi ƙasa. Yanzu an yanke ta a tsakiya. Kaka takan tura tsumma da faifai ta rufe tagar in hadari ya taso, ta cire in ya wuce saboda mai unguwa. Amma ba ta tagar kaɗai ruwan ke shiga ba. Yana samun ɗanyar ƙasar da ke leɓen hudar, ya tsuma ta, ya gangara ta cikin bangon inda ido ba ya gani.

Na dawo hutu ana tsakiyar marka, kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Ina shiga ɗakin na ji warin ya sauya, irin warin gindin rijiya. Daga ƙasan tagar wani duhu ya sauko har daɓe, mai siffar gemu. Washegari na ga Kaka ta ɗora tafinta a bangon, ta daɗe. Ta ƙwanƙwasa da sanda, ta saurara. Ta sunkuya da ƙyar ta shinshina gindinsa. Sannan ta miƙe ta ce da Inna, "Ku fidda mini kayana. Ɗakin nan ya gama."

Baba ya ce a tokare shi da itace, a ga ko zai kai ƙarshen damina. Ta ce kada ya wahalar da kansa. Muka kwashe tasoshinta da gado da akwatin ƙarfe zuwa ɗakin Inna. Kwana biyu bayan nan, da la'asar, ana yayyafi, muna zaune a rumfa ana gyaran zogale, sai muka ji wani nishi kamar na saniya. Bangon gabas ya durƙusa a hankali, rufin ya bi shi. Ko ƙura ba ta tashi ba, komai a jiƙe yake. Akuyar ce kaɗai ta yi kuka. Bangon da aka rubuta lamba uku a jikinsa shi ya rage a tsaye, ruwa ya wanke rabin lambar. Kaka ta dubi wurin sau ɗaya, ta mayar da idonta kan zogalen.

Baturen bai zo ba. An ce ruwa ya yanke hanya, rangadin bai yiwu ba a shekarar.

Duba-gari dai ya dawo bayan an yi girbi. Ya tsaya a kan tsibin ƙasar ya jajanta, ya ce Allah ya kiyaye da ba kowa a ciki. Sannan ya buɗe littafinsa. Ina kusa, kuma na iya karatu, don haka na ga abin da ya rubuta: ɗaki mai lamba uku ya rushe da damina, kamar yadda aka yi hasashe. Bai rubuta taga ba. Da muka koma makaranta ya zo ya ba mu labarin wani gida a Kusada, don mu ga amfanin dubawa. Malama ta dube ni tana murmushi. Na sunkuyar da kai, aka ɗauka kunyar yabo nake ji.

Daga baya Baba ya yi ƙoƙari ya gina wa Kaka sabon ɗaki mai siririn bango da rufin kwano da tagogi biyu suna kallon juna. Shi ne kwano na farko a unguwarmu, mutane har zuwa kallo suke yi. Aka rubuta masa lamba ɗaya. Da damina ba a jin maganar juna a ciki, da bazara kuwa ba ya shiguwa daga hantsi har magariba. Kaka ta ƙarasa shekarunta a gindin tsamiya, sai dare take shiga. Sau ɗaya na ga ta manta ta ɗora hannu a bangon da tsakar rana, ta janye da sauri kamar ta taɓa murfin tukunya.

Na girma na yi aikin koyarwa, ni ma na koyar da tsabta. Ba zan ce maka taga ba ta da amfani ba, na ga ɗakunan da duhu da cunkoso suka kashe yara. Abin da ban taɓa yarda na yi ba shi ne in sa yarinya ta rubuta mini yadda gidansu yake. Har yau in aka miƙo mini takarda mai tambayoyi a jere, nakan fara neman tambayar da babu. Masu dubawa na yanzu sun sauya kaya, sun sauya takardu, amma na lura har yanzu bulo da kwano da yawan tagogi suke lissafawa. Ban ga wanda ya zo da rana tsaka ya dafa bango ba. A Kusada soraye sun kusa ƙarewa, ɗorawar ma an sare yawancinta, kuma in ka ce makuba yaran yanzu sai su tambaye ka ko abinci ce.

Bana jikana ya ce zai gina mini ɗaki a filin gidanmu na da, don in koma gida in huta. Ya zo da zane a babbar takarda ya shimfiɗa mini a tabarma, yana nuna mini da ɗoki. Bulo, silin, tayil, tagogin gilashi ta ko'ina, wata ma tun daga gwiwa har sama. Na ce ya nuna mini gabas. Ya nuna. Akwai taga a wurin, babba, tana kallon ƙofa.

"Hajiya, ai nan ce mai kyaun," ya ce. "Iska za ta riƙa ratsawa. Kuma siminti ne, ruwa ba ya yi masa komai."

Na san gaskiya ya faɗa. Na bar shi ya gama. Sannan na ɗora hannuna a kan zanen, na ce, "Duk sauran ka yi yadda kuka koya. Wannan bangon dai ka bar mini shi a toshe. Kuma ranar da za a yi masa yaɓe, ka aiko a ɗauke ni tun bai bushe ba."